Inda kitse ya zauna a jikin mace: sharhi kan ƙiba, tansiyo da ciwon suga a Kurfai

Sharhinmu na wannan mako ya shafi iyayenmu mata, kuma magana ce da mutane ke jin nauyin faɗarta a fili.

Ranar 4 ga watan Maris ta kowace shekara ce aka ware a duniya domin tunatarwa kan ƙiba. Wani zai ce me ya haɗa Filinge da wannan rana, ƙasar da kowace damina ake kai yara masu tamowa gidan likita, inda rumbu ke ƙarewa tun hatsi bai fid da kai ba? Gaskiya ne, yunwa ba ta bar mu ba. Sai dai ƙiba ta iso ta tarar da ita. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin mata masu shekaru 15 zuwa 49, kusan 16 cikin 100 ramammu ne, kusan 18 cikin 100 kuma nauyinsu ya wuce ƙa'ida. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas na fama da ƙiba. A gida ɗaya a nan garin za ka iya samun jaririn da ake ba shi abincin tamowa, kakarsa kuma ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa.

Mu fara da abin da likita ke nufi da ƙiba mai tsanani, domin ba kowace mace mai jiki ake nufi ba. Akwai lissafin da ake kira IMC, ana haɗa nauyin mutum da tsawonsa. Mace mai tsawon mita 1 da santimita 60, idan ta kai kilo 77 ta shiga sahun masu ƙiba. Idan ta haura kilo 102, wato IMC ɗinta ya kai 40, to ita ce mai ƙiba mai tsanani. Wannan lissafi yana da amfani, amma ba ya gaya maka inda kitsen yake a jiki. A watan Janairun 2025 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta tara ya fito ya ce a daina dogara da shi kaɗai, a riƙa auna ƙugu, a kuma duba ko kitsen ya fara yi wa gaɓoɓi illa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya san kitse iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, wanda ake gani da zarar an cire ƙirgi. Akwai kuma na can ciki, farin nan mai kama da mayafi da ya lulluɓe tumbi da hanji, da wanda ya kewaye ƙoda. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Kitsen cinya da ɗuwawu da damtse na ƙarƙashin fata ne. Shi kamar rumbu yake: an zuba, an rufe, yana nan sai ranar buƙata, kuma a jikin mace ranar buƙatarsa ita ce goyon ciki da shayarwa. Na cikin ciki halinsa daban. Ba ya zama shiru, kullum yana sakin maiƙo cikin jini, kuma jinin da ya bar wajen hanji ba ya zuwa ko'ina sai ya fara bi ta hanta. Ke nan hanta ce ke fara shan wahalarsa. Ta cika da maiƙo, ta riƙa zuba suga cikin jini ko da ba a buƙata, ta ƙara yawan maiƙon da ke yawo a jijiyoyi.

Wani likitan Faransa a birnin Marsay, Jean Vague, shi ya fara jawo hankali kan wannan tun 1947. Ya lura cewa masu ƙibar sama, wato ciki da ƙirji da wuya, sun fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya a kan masu ƙibar ƙasa. An daɗe ba a kula da maganarsa ba. Sai a 1994 aka gano a Amurka cewa kitse yana fitar da wani sinadari, leptin, da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da jiki ya tara. Daga nan aka gane kitse gaɓa ce mai aiki, tana aika saƙo kamar yadda sauran gaɓoɓi ke yi. Akwai wani sinadarin kirki da take fitarwa, adiponektin, mai taimaka wa jiki ya ji maganar insulin. Abin mamaki, kitse na ƙaruwa shi yana raguwa.

To ga yadda abin ke lalacewa a jikin mai ƙiba sosai. Ƙwayoyin kitse suna kumbura har su kai iyakarsu. Jini ba ya isarsu yadda ya kamata, wasu su mutu, sojojin jiki su taru a wurin, sai a samu wani kumburi na ɓoye wanda ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, amma yana nan shekara da shekaru. Rumbu ya cika, abin da ya rage sai ya malala inda bai kamata ba: hanta, tsoka, kewayen zuciya. Insulin, wanda aikinsa shi ne buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka, sai ya yi ta ƙwanƙwasawa ba a buɗewa. Jiki ya ƙara yawan insulin, ya ƙara, har gaɓar da ke yin sa ta gaji. Ranar da ta gaji ita ce ranar da ake cewa wance ta kamu da suga, alhali ciwon ya yi shekaru yana tahowa.

Likitoci na kiran wannan hali sindirom metabolik. Mu a nan gidan rediyo mun ga ya fi sauƙi mu ce masa ayarin cuta, domin ba ya tafiya shi kaɗai. Wani likita Ba'amurke, Gerald Reaven, ya bayyana shi a 1988, kuma a 2009 manyan ƙungiyoyin likitoci suka daidaita a kan alamomi biyar, duk wadda aka samu da uku ta shiga ayari. Ƙugu mai faɗi, wanda ga mace wasu suka sa iyakarsa santimita 80, wasu 88. Tansiyo da ya kai 13 da 8 da rabi. Sugan jini kafin karin kumallo da ya kai giram 1 a lita, ko da bai kai 1.26 da ake kira ciwon suga ba. Sai maiƙon jini da ya kai giram 1.5, da kolestarol mai kyau da ya faɗi ƙasa da giram 0.5. Ku lura, babu nauyin kilo a cikin biyar ɗin. Kuma babu ko ɗaya da ke sa ciwo a farko. Ƙarshensu dai mun san shi: shanyewar ɓarin jiki, ƙoda ta tsaya, ido ya dushe, gyambon ƙafa da ba ya warkewa.

Akwai wani gwaji da muke so ku ji, domin a kan mata masu ƙiba aka yi shi. A 2004 likitoci a birnin Sen Luwis na Amurka, ƙarƙashin Samuel Klein, sun ɗauki mata 15, bakwai daga cikinsu masu ciwon suga, aka zuƙe musu kitsen da ke ƙarƙashin fatar ciki da na'ura, wajen kilo 10 kowace. Ciki ya sauka, zane ya yi musu yawa. Da aka sake auna su bayan makonni 10 zuwa 12, suga bai gyaru ba, tansiyo bai gyaru ba, maiƙon jini na nan yadda yake. An kwashe na waje, mai ɓarnar yana ciki ba a taɓa shi ba. Shi ya sa za ka ga mata biyu, nauyinsu ɗaya, kilo ɗari-ɗari, ɗaya jininta lafiya lau, ɗaya kuma tana shan magani kala uku.

Amma kada mai ƙibar ƙasa ta ce ita ta tsira. Wani dogon bincike a Amurka da ya bi mata ma'aikatan jinya fiye da 90,000 har shekaru 30, aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa cikin masu ƙiba da jininsu ke lafiya a farko, 84 cikin 100 sun shiga matsala bayan shekaru 20. Kuma idan mace ta daina al'ada, kitse yakan yi ƙaura daga cinya ya koma ciki. Lafiyar da ake gani a shekara 30 ba ita za a gani a 50 ba.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: yawancin waɗannan ma'aunai a jikin Turawa aka samo su. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna mata baƙar fata sukan fi fararen mata ƙarancin kitsen cikin ciki, amma duk da haka jikinsu ya fi ƙin jin insulin. An kuma lura cewa maiƙon jinin ƴan Afirka yakan zauna ƙasa ko da ciwon ya fara. Ma'ana, takardar awon maiƙo tana iya fitowa da kyau alhali suga na kan hanya. Don haka a wurinmu awon suga da na tansiyo su ne ba a wasa da su.

Yanzu mu dawo gida. A Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, jiki abin alfahari ne. Amarya ta yi wata shida a ɗaki ba ta cika ba, sai a fara tambaya ko mijin ba ya ciyar da ita. Mai jego ta je wanka gidan iyayenta, in ta dawo bayan arba'in ba ta yi ɓul-ɓul ba, an ci mutuncin uwarta. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da hangandi, inda mata ke gasar ƙiba. A can arewa, wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta zauna da Larabawan Azawak ta rubuta littafi a 2004 kan yadda ake yi wa yarinya ɗura da nono da hatsi tun haƙoran yarinta sun fara zuba. Ba mu ce kakanninmu wawaye ba ne. A ƙasar da aka ga fari na 1973 da na 1984, mace mai jiki alama ce ta gidan da ke da abinci, kuma ita ce ke iya ɗaukar ciki da goyo ta ƙetare bazara. Sai dai ƙibar wancan zamani da fura da nonon shanun Azawak ake yin ta, kuma mai ita tana daka, tana jan guga a rijiya, tana zuwa itace. Ta yau da shinkafa da taliya da mai da lemun kwalba ake yin ta, ga injin niƙa, ga famfo. Ba mu kukan injin niƙa, wallahi ya hutar da mata, Allah ya saka wa wanda ya kawo shi. Amma aikin da ke ƙona abincin ya ragu, abincin kuma ya ƙara maiƙo da zaƙi. Kwalbar lemu ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da suga wajen giram 35, kamar ƙwaya bakwai ke nan, alhali OMS ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a wuni. Ba mu ma lissafa na shayi ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙwaya. Ku je kasuwa ranar Lahadi ku duba tiren masu tallar magani. Akwai masu buɗe ciki, irin siprohebtadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da mura ne. Akwai kuma deksametazon, wanda a Nijeriya ake haɗa shi cikin abin da suke kira sha ka fashe. Abin ba sabo ba ne, tun 2001 jaridar New York Times ta buga rahoto daga Maraɗi kan matan da ke shan irin waɗannan ƙwayoyi, har da abubuwan da aka yi domin dabbobi. Deksametazon magani ne na gaske, yana ceton rai idan likita ya rubuta shi. Amma wadda ta sha shi wata da watanni don ta yi jiki, abin da yake yi mata daidai yake da abin da muka bayyana a sama. Yana kwashe kitse daga hannu da ƙafa ya tara shi a ciki da fuska da ƙeya. Yana cinye tsoka, ya ɗaga suga, ya ɗaga tansiyo, ya sa ƙashi ya yi rauni, fata ta tsage. Fuska ta yi zagaye ana cewa masha Allah, ƙafafu kuma sun zama sirara. Ta biya kuɗinta ta sayi ainihin irin ƙibar da ke kisa, kuma ba ta ma samu surar da take nema ba.

Wadda ta daɗe tana shan sa, don Allah kada ta ji wannan sharhi ta yar da shi yau. Jiki ya riga ya daina yin nasa sinadarin, tsayawa farat ɗaya na iya sa tansiyo ya faɗi har a rasa rai. A je wurin likita da kwalin a hannu, a faɗi gaskiya, shi zai rage shi sannu a hankali.

Maza, wannan laifin da ku a ciki. Mace ba ta shan ƙwaya don kanta. Tana sha ne don an yi mata gori, ko don ta ji ana maganar kishiya. Mijin da ke cewa matarsa ta zama kamar kara, shi ne farkon wanda zai tsaya yana neman motar da za ta kai ta Yamai.

Yamai kuwa ba kusa ba ce, kilomita wajen 180 ta Baleyara, kuma kowa ya san halin da hanya ke ciki tun da aka sa gundumarmu cikin dokar ta-ɓaci a 2020. Gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo da na kwanciya da rabi a asibitocinta tun watan Satumba na 2024, ta mai da haihuwa kyauta, ta kuma soke jika 150 da ake biya kafin a fara wankin ƙoda. Wannan mataki ne mai kyau, mun yaba. Amma wankin ƙoda ƙarshen hanya ne, kuma ba a Filinge ake yin sa ba. Matar Bankuku ko Damana ko Tukunus da ƙodarta ta tsaya, sai dai iyalinta su tare a Yamai, a sayar da abin da aka mallaka. Maganin suga da na tansiyo kuma na kullum ne har ƙarshen rai, daga aljihu yake fita. Tsarin lafiyarmu an gina shi ne a kan zazzaɓin cizon sauro da tamowa da haihuwa, cutar da ake zuwa a sha magani a warke. Ciwon da ke buƙatar a riƙa ganin mutum kowane wata har shekara ashirin bai samu gurbi sosai ba tukuna.

A ganinmu akwai ƙofar da take buɗe ba a amfani da ita yadda ya kamata. Matanmu suna zuwa awon ciki, suna kai yara rigakafi. Ana ɗora yaro a sikeli, a auna damtsensa, uwar kuma ta koma gida ba wanda ya dubi ƙugunta. Igiyar awo irin ta tela nawa take? Tansiyo minti biyu ne. Wadda suganta ya hau lokacin goyon ciki, ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ita ce ya kamata a rubuta sunanta a riƙa bibiya, domin haɗarinta ya fi na sauran. Haka wadda al'adarta ta rikice, haihuwa ta ƙi, ga ƙiba, ga baƙi-baƙi a wuya kamar dauɗar da ba ta fita da sabulu: wannan baƙin sau da yawa alamar insulin ne da ya yi yawa, ba ƙazanta ba ce. Muna kira ga hukumomin lafiya na gunduma da magadan gari su sa wannan cikin lissafinsu.

Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa shi ne kitsen cikin ciki yana saurin amsawa idan aka motsa. Ba sai mace ta koma kamar budurwa ba. Wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da suga, da aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 100, kilo 7 ke nan. Tana nan da jikinta, ba wanda zai ce ta rame. Abin da zai taimaka kuma yana tsakar gida: hatsi da dussarsa, wake, kwaɗon zogale, yakuwa, kuɓewa. A rage mai a tukunya, a rage dunƙule da gishiri. Mai tansiyo ta yi hankali da kanwa, domin ita ma ɗiyar gishiri ce, duk da mun san a Dallol Boso raba mai jego da kunun kanwa sai an yi da gaske.

Sai ku ƴan'uwa na Abijan da Kumasi da Lome da Kwatano da Legas, da na Libiya da Aljeriya, da na Turai. Kuɗin da kuke aikowa ya rufa asirin gidaje da yawa, Allah ya ƙara buɗi. Amma ku duba abin da ake saye da shi. Idan an ce a aiko wa Inna da abin alheri, buhun shinkafa ne da jarkar mai da katan ɗin suga da madara. In ta turo hoto a WhatsApp kun ga ta cika, sai ku ce alhamdu lillahi tana jin daɗi. Cikin abin da kuke aikowa ku ware na awo. Ku tambaye ta nawa tansiyonta ya nuna, ku ce a ɗauki hoton takardar a turo muku. Na'urar auna tansiyo ta batir ba ta kai kuɗin atamfa mai kyau ba, kuma guda ɗaya ta isa gida duka. Ga mai ƙiba sosai a nemi mai babban maɗauri, domin ƙarami a kan babban damtse yana nuna tansiyo sama da yadda yake. Masu jin labarin alluran rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy a ƙasashen da kuke, ku sani suna aiki, amma suna da tsada, suna son sanyi, sai da kulawar likita, kuma OMS ta yi gargaɗi a 2024 cewa akwai na jabu a kasuwa. Kada a sa su cikin jaka a ba direba.

Wadda ke son ta auna ƙugunta a gida, ga yadda ake yi. Da safe kafin a ci abinci, a tsaye, a sassauta zane. A laluba ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya igiyar a tsakaninsu, kusa da cibiya. A saki numfashi, kada a ja ciki, kada a matse. In babu igiyar tela, a yi da zare a kai wa tela ya auna. In ya wuce 88, a je gidan likita mafi kusa da safe ba a karya ba, a ce a duba suga da tansiyo.